Takardar da Barista Hajara Ta Hana Ni Kai Wa Kotu

Kawo, Kaduna.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da ɗiyata Safiya. Allah Ya sauke ku Sakkwato lafiya, Ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya haɗa ka da abokan aiki nagari da maƙwabta masu tsoron Allah. Na cusa takardar cikin jakarka ne don kada ka gan ta sai kun isa kun huta. In Safiya ta so ji, ka karanta mata. Ba abin da zan ɓoye wa matar ɗana.

Ka san ni ba gwanin zaunar da kai in yi dogon zance ba ne. Tunda aka sa maka sunan mahaifina, ko sunanka ban taɓa iya kira ba, balle in dubi idonka in ba ka labarin wautar da na tafka. Amma yanzu ka ajiye iyali, za ku zauna inda babu Baffa babu Kawu da zai ji motsinku ya leƙo. Gara ka san inda na yi tuntuɓe. Kafin in ɗauki biro sai da na aika wa Ummanka ina neman izininta, don labarin ba nawa ba ne ni kaɗai. Ta ce in rubuta, amma in faɗi duka, kada in gyara wa kaina. To ga shi.

Kana shekara bakwai muka rabu da ita. Wannan ka sani. Dalilin ne ba wanda ya taɓa gaya maka.

A lokacin tana koyarwa a wata firamare, ni kuma ina aikin gwamnati a cikin gari. Tun kafin aure muka yi da ita za ta ci gaba da aikinta, kuma na amince a gaban iyayenta. Sai dai Gwaggonka Talatu, yayata ta Mando, ba ta taɓa son wannan tsari ba. Duk zuwan da zan yi gaishe ta sai ta ce, "Lawal, mace tana fita kullum cikin maza, kai kuma ka saki baki." Nakan yi dariya in share, amma maganar tana taruwa a cikina ban sani ba.

Wata Laraba da damina na dawo gida da wuri, wajen la'asar. Ina tsaye a ƙofar gida sai ga wata mota ta tsaya, wani malamin makarantarsu ne ke tuƙi. Ummanka ta fito a hankali tana dafa bango. Ban ga dafa bangon ba, Abba, namijin kawai na gani. A nan ƙofar gida, maƙwabta na ji, na gaya mata maganar da ba zan maimaita ta a takarda ba. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, ba ta ce uffan ba, ta shige ciki. Shirun nan na ɗauka amsa laifi ne. Washegari a ofis na yagi takarda na rubuta mata saki ɗaya.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma duk sauran daga gare shi suka fito. Kalma ɗaya ce ta gagare ni ranar, in ce mata, "Lafiya?" Duk ranar da ka ga abin da ya tayar maka da hankali game da Safiya, ka fara da wannan kalmar, ka shiga da ita ɗaki, ka rufe ƙofa. Magana zarar bunu ce, wadda kuma aka faɗa a ƙofar gida ta fi kowace wuyar mayarwa.

Ta koma gidansu da kai. Wata uku na idda ina da damar mayar da ita da kalma ɗaya, ba sadaki ba shaidu masu yawa. Baffa Idi, ƙanin mahaifina, sau biyu yana tasowa daga Zariya a kan maganar. Na ce masa sai ta zo ta ba ni haƙuri tukuna. Ba ta zo ba, idda ta cika. Na tuna ranar na zauna a ofis ina jin kamar na ci wata gasa, alhali gida zan koma in tarar ba kowa. Wannan ne kuskure na biyu. Girman kai ba ya dafa maka abinci, ba ya yi maka sannu. In kun saɓa, kada ka tsaya lissafin wanda ya kamata ya fara magana. Ka fara. Ban taɓa ganin namijin da ya ragu don ya riga matarsa sallama ba.

Da na ga ta fita hannuna, sai na juya kanka. Gwaggonka ta ce ɗa na uba ne, in je in ɗauko abina. Wata ranar Litinin na je makarantar allonku da yamma kafin a tashi, na ce wa malaminku ana nemanka a gida. Na saya maka biskit a hanya, na kai ka Mando na ajiye. Ko kayanka ban ɗauko ba. Ummanka ta zo ɗaukarka ta tarar ba ka nan. An ce sai da ta zagaye unguwa ba takalmi kafin malamin ya tuna ya gaya mata ni ne. Bayan mako biyu Kawunka Sani ya kai ƙara kotun shari'a a madadinta, aka kawo mini sammaci har ofis.

Wani abokin aikina, Mista Yohanna, shi ya gan ni riƙe da sammacin ina huci. Ya ce akwai wata lauya a Abakpa da ta raba musu rigimar gadon gidansu ba tare da an daina gaisawa ba. Na ce masa ni ba gaisuwa nake nema ba, mai kayar mini da su nake so. Ya ce, "Kai dai je ka gan ta."

Ofishin Barista Hajara ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon tela. Ita kaɗai ce, ba sakatare ba abokin aiki. Tebur ɗaya, kabad na fayil, kujeru huɗu, da fulas ɗin shayi a gefe. Tana magana kana jin ƙarar keken ɗinki daga ƙasa. Mace ce ba doguwa ba, a lokacin za ta yi shekara arba'in da 'yan kai, ba ta ɗaga murya. Da na ga wurin raina ya ɗan sosu, na ce wannan ce za ta tsaya mini a gaban alƙali?

Na zo da shirina. Takarda shafi biyu na cika da laifuffukan Ummanka, na sa musu lamba, na farko shi ne maganar mota da malamin. Ta karɓa ta karanta tun daga sama har ƙasa, ba ta tsallake layi ba. Ta kife takardar a kan tebur, ta ce, "Malam Lawal, yau da safe me yaron ya ci?"

Na ce yana wajen yayata, ba ya rasa abinci.

Ta ce, "Na yarda. Me ya ci?"

Na ce ban sani ba.

"Yana zuwa makaranta?"

Na ce za a sa shi wata a Mando idan an gama shari'a.

"Yaushe rabonka da shi?"

Na lissafa, kwana tara. Ni da na ɗauko ka don in nuna ina sonka, kwana tara ban taka Mando ba, ina can ina rubuta laifuffuka.

Ta ce, "Je ka gan shi yau. Ka zauna da shi, kada ka tambaye shi komai. Jibi ka dawo mu yi maganar shari'a."

Na miƙe a fusace na ce ni lauya na zo nema, ba mai wa'azi ba. Ta ce, "Lauyoyi suna da yawa a garin nan, akwai wanda gobe zai shigar maka da wannan takarda yadda take. In shi kake so zan kwatanta maka ofishinsa. Amma ka fara zuwa Mando."

Na je ne don in ƙaryata ta. Na same ka zaune a dokin ƙofa da rana tsaka, sanye da rigar ɗan Gwaggonka da ta yi maka yawa. Sauran yara suna ƙwallo, kai kana kallon titi. Da ka gan ni ba ka taso da gudu ba kamar yadda ka saba. Na zauna kusa da kai. Sai ka ce, ba ka ko dube ni ba, "Baba, in na daina laifin za a mayar da ni gida?" Gwaggonka ta gaya mini daga baya cewa ka koma fitsarin kwance, abin da ka bari tun kana shekara uku. Ban sani ba ko kana tuna wannan rana. Ni ban taɓa mantawa ba.

Ka ji kuskure na uku. Na mai da kai sanda don in doki uwarka, kuma sandar ce ta fi jin jiki. Idan Allah Ya ba ku 'ya'ya, duk abin da zai shiga tsakaninka da uwarsu, su ba su ciki. Kada ka ja su gefenka, kada ka sa su zaɓa. Yaro in ya ga manya suna faɗa, kansa yake ɗora wa laifin.

Da na koma jibin, jikina ya yi sanyi amma bakina bai mutu ba. Barista ta zuba mini shayi ta ce, "Ni lauyarka ce, ba tata ba, shi ya sa zan gaya maka abin da ba ka so. Renon yaro ɗan shekara bakwai a shari'a na uwa ne, sai in an tabbatar ba ta cancanta ba. Zan iya ja maka shari'ar nan shekara guda ko fiye, yau a ɗaga gobe a ɗaga. A ƙarshe, a ganina, ita za a ba. Kafin nan yaron ya yi shekara ba karatu, kai da danginta kun zama abokan gaba."

Na ce ai shi ya sa na kawo maganar malamin, ita ce za ta nuna ba ta cancanta ba.

Ta ce, "Me ka gani da idonka?"

Na ce na ga ta fito daga motarsa.

"Sai me?"

Na ce shi ke nan.

Ta ce, "To abin da kake so in faɗa a gaban alƙali sunansa ƙazafi, kuma ba zan faɗa ba. Ka bar ma batun hukuncinsa. Duk abin da aka faɗa a kotu rubuta shi ake yi, a sa a fayil, a ajiye. Ɗanka yana aji biyu yanzu. Wata rana zai iya karatu sarai, kuma ba za a rasa mai nuna masa ba. Kana so ya karanta abin da ubansa ya ce game da uwarsa?"

Ta tura mini takardata ta ce in tafi da ita, ba ta son ta kwana a ofishinta. Sannan ta faɗi yadda take aiki. Za ta je kotu ranar da aka sa, ta roƙi alƙali ya ba da lokaci a gwada sulhu. Amma kafin nan sai na mayar da kai wurin Ummanka, ba sharaɗi. Na ce in na mayar da kai me ya rage a hannuna da zan yi ciniki da shi? Ta ce, "Ba kasuwa za mu ba. Ka mayar da shi yau, ranar zama ka shigo a matsayin uban da ya gyara kuskurensa da kansa. In ka jira alƙali ya umarce ka, har abada sunanka wanda aka ƙwace wa."

Da yammacin ranar na kai ka. Kakarka ta wajen uwa ce ta buɗe ƙofa. Na yi zaton zagi, sai ta ce, "Lawal, ka shigo ka sha ruwa mana." Ban iya shiga ba.

Alƙali ya ba da wata guda. Barista ta je gidan su Ummanka da ƙafarta, ta gaya musu a fili cewa ni take wakilta, in suna son nasu lauyan su nemo, ba ta so a ce ta yi musu wayo. Suka ce a fara zama tukuna. Ƙa'idarta ita ce kowa ya zo da mutum ɗaya tak, kuma ɗaya ɓangaren yana da ikon cewa bai yarda da wannan mutumin ba. Na ce Gwaggonka Talatu zan kawo, Ummanka ta ce a'a. Ita ta ce Kawunka Sani, ni ma na ce a'a, don mun riga mun yi musayar baƙaƙen maganganu da shi. Sai na zo da Baffa Idi, ita ta zo da mahaifiyarta. Daga baya na gane hikimar: ta fitar da masu zafin kowane gida ba tare da ita ta kore su ba.

A nan zan tsaya in ce maka wani abu game da dangi. Gwaggonka ba muguwa ba ce, Allah Ya ji ƙanta, so ne ya yi mata yawa, tana ganin ba macen da ta isa da ƙaninta. Laifina ne da na kai mata kunnena. Ka riƙe zumunci, ka gaishe da kowa, amma kada ka kai ƙarar matarka wurin wanda ya fi sonka. Kai za ka huce, shi ba zai huce ba. In abu ya fi ƙarfinku, ku nemi wanda yake son ku duka biyu, ko da ba dangin kowa ba ne.

Ranar zama da hantsi muka haɗu. Barista ta ce kowa zai yi magana sau ɗaya a kan abin da ya wuce, ba mai katse shi, bayan nan an rufe wannan babi, sai maganar yaro. Ni na fara. Ba tare da takardata ba sai na ga abin faɗar bai fi na minti uku ba. Na ce na ga abin da ya ɓata mini rai, kuma ba a ba ni haƙuri ba.

Sai Ummanka ta yi magana, idonta a ƙasa. Ta ce ranar Larabar nan tana da ciki wata biyu, ba ta kai ga gaya mini ba, tana jira ta tabbatar. Tana cikin aji jini ya ɓalle mata. Shugabar makaranta ce ta roƙi malamin, don shi kaɗai ke da mota, ya kai ta asibiti tare da wata malama. Cikin ya zube. A hanyar dawowa suka sauke malamar a bakin gadar Kawo, ya ƙaraso da ita gida. Ta ce, "Na fito ina neman wanda zan jingina da shi, sai na tarar da abin da na tarar. Na ce a raina mutumin da zai iya faɗa mini haka, bai cancanci ya san abin da na rasa ba."

Baffa Idi ya cire hularsa ya riƙe a hannu yana salati. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Ƙaninka ko ƙanwarka ne ya tafi ranar, ni ina ƙofar gida ina tara wa uwarsa jama'a. Na buɗe baki in yi magana, Barista ta ɗaga hannu ta ce, "Malam Lawal, ka yi taka. In haƙuri za ka bayar, shi kaɗai na yarda." Na ce, "Ki yafe mini." Ummanka ta ce, "Na yafe, don Allah."

Ka duba ka gani. Da na sami lauyan da nake nema, da wannan magana a gaban alƙali da 'yan kallo za ta fito, bayan na riga na ɓata mata suna a rubuce. Ban san da wane ido zan ƙara kallon kowa a Kaduna ba.

Barista ba ta bar mu muka nutse a nan ba. Ta ciro kalandar makarantarku ta shimfiɗa a tebur, ta sa muka matso da kujeru muka zauna gefe ɗaya muna kallonta. Ta ce, "Ga zangon karatu, ga hutu, ga Sallah. Ku nuna mini inda yaron nan zai kwana kowane dare." Sai ga mu muna magana kamar mutane. Aka tsayar ka zauna wurin Ummanka. Ranar Juma'a in ɗauke ka mu tafi masallaci tare, in mayar da kai Lahadi da yamma. Ƙaramar Sallah can, babbar Sallah nan. Makaranta da asibiti da sutura a kaina. Kakarka ce ta ƙara cewa kada wanda ya aiki yaro da saƙo zuwa ga ɗayan, kuma kada a tambaye shi abin da ake yi a wancan gidan. Barista ta rubuta duka da Hausa, shafi ɗaya da rabi, ta karanta mana sau biyu. Ta sa wani layi a ƙarshe, cewa in wani abu ya canza za a dawo a zauna kafin kowa ya nufi kotu. Muka sa hannu, ta kai wa alƙali ya tabbatar da shi. Shari'ar da na shirya a yi shekara ana yi, ranar ba mu yi minti ashirin a kotu ba.

Bayan mako biyu na koma wurinta na ce ina so a mayar da aure. Ta ce za ta kai saƙon sau ɗaya, kuma duk amsar da ta dawo da ita in karɓa. Ummanka ta ce ta yafe, amma ba za ta iya komawa ba. Na ce wa Barista to ina amfanin sulhun? Ta ce, "Sulhu ba lallai ne a koma ɗaki ɗaya ba. Wani auren in ya mutu ya mutu. Aikina shi ne kada ya tafi da sauran abubuwa, uba da ɗa, kaka da jika, gaisuwa a hanya." Ban ji daɗin maganar ba, na ma ci gaba da aika wa Ummanka saƙo ta bayan fage har sai da Baffa Idi ya taka mini burki. Ka riƙe wannan: in ka ɓata wa mutum, yafiya za ka roƙa, ita ma kyauta ce. Ba ka da ikon tsara masa abin da zai biyo bayanta.

Kana shekara goma sha ɗaya Ummanka ta auri Malam Nuhu. Wani ya gaya mini cewa in uwa ta yi aure renon ya fita hannunta, sai na ruga Abakpa ina ganin dama ta samu. Ka ga shekara huɗu ba su gama gyara ni ba. Barista ta ce ko an bi wannan hanya, kakarka ta wajen uwa ce a gabana, ba ni ba. Sannan ta ce, "Ka taɓa ganin mutumin?" Na ce me zai haɗa ni da shi? Ta ce, "Ɗanka. Je ka gaishe shi. In ka dawo kana ganin yaron zai cutu a gidansa, ni da kaina zan tsaya maka."

Sai da na yi kwana huɗu ina juya abin kafin na je. Na same shi a ƙofar gida yana gyara maka sarƙar keke, hannunsa duk baƙin mai. Ya miƙe ya rasa yadda zai ba ni hannu, ya miƙo mini tsintsiyar hannunsa. Ya ce, "Malam Lawal, da ni ya kamata in fara zuwa. Yaron nan ubansa ɗaya ne, kai ne. Ni ɗan riƙo ne, in ka ga na kauce ka gaya mini." Ban koma wurin Barista da wata ƙara ba. Sauran ka san shi, don a gabanka aka yi: yadda yake kirana in ka yi rashin lafiya, yadda muka zauna benci ɗaya ranar da ka gama jami'a. Ka riƙe shi da kyau, Abba. Duk kiran da za ka yi mini daga Sakkwato, ka yi masa irinsa, ba zan ji kishi ba.

Kuskure na ƙarshe da zan faɗa maka shi ne wanda na fi daɗewa a cikinsa. Shekara goma sha bakwai ban koma na yi wa Barista Hajara godiya ba. Ina wucewa ta Abakpa, in ga benen, in kau da kai, don ita ce ta san ni a lokacin da na fi muni. Sai da aka buga katin ɗaurin aurenka na ɗauki ɗaya na hau. Telan ya tashi, mai sayar da waya ne a shagon yanzu. Ita tana nan, ita kaɗai har yau, ta tsufa, ta sa tabarau. Na tarar da wasu mata da miji suna fitowa, kowa fuska a ɗaure, amma mijin ne ya riƙe wa matar ƙofa.

Ba ta gane ni ba sai da na yi bayani. Ta karɓi katin ta karanta, ta ce, "Yaron Mando?" Na ce shi ne. Ta ce, "Uwarsa za ta zo?" Na ce ai ita ce uwar biki. "Kai fa?" Na ce ni da mijinta za mu karɓi baƙi. Ta cire tabarau ta goge ido da gefen mayafinta, ta ce, "Alhamdu lillahi. Yawancinsu ba na jin ƙarshen labarin." Na yi mata godiyar da ta kamata in yi tun kana yaro, na ce ta hana ni abin da na zo nema, kuma ban taɓa samun wanda ya yi mini alheri irin wannan ba. Ta ce in gode wa Ummanka, don ita aka zalunta kuma ita ta yarda ta zauna. Gaskiya ta faɗa. Kada ka jinkirta godiya kamar ni. Na yi sa'a na same ta da rai.

Saura kai. Na roƙi gafarar Ummanka, na roƙi ta kakarka kafin ta rasu, amma kai ban taɓa ba, ina fakewa da cewa yaro ne, ya manta. Ko ka manta ko ba ka manta ba, makonni ukun nan na Mando hakkinka ne a wuyana. Ba ka yi laifin komai ba, ɗana, ni na yi. Ka yafe mini. Ba sai ka rubuto amsa ba, in ka kira ka ce "Baba, mun sauka lafiya, na karanta," ya ishe ni.

Allah Ya yi maka albarka, Ya yi wa Safiya albarka, Ya sanya tausayi da fahimta a tsakaninku. Allah Ya ba ku zuriya ɗayyiba, Ya sa ku gama da duniya lafiya. Ya saka wa Ummanka da Malam Nuhu da alheri, Ya ƙara wa Barista Hajara lafiya da nisan kwana. Allah Ya tsare fitarku da shigarku, Ya dawo mana da ku cikin aminci. Matata, Antinka, da ƙannenka suna gaishe ku.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Lawal.